Babi na Huɗu da Littafin da Ba a Buɗe Ba

  Yau a kan littafi za mu yi magana, littafin lissafi da na ƙididdiga, kuma daga titin Zariya zan ɗauko zancen. Duk wanda ya bi ta Gyadi-Gyadi da hantsi ya san yadda wurin yake cika: 'yan A-daidaita-sahu suna sauke masu jinya a ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ga ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero da fararen rigunansu, ga masu koyon aikin jinya, ga likitocin da suke neman ƙwarewa a fanni guda. Kusan kowannensu, kafin ya karɓi takardar shaida, sai ya rubuta kundin bincike, kamar yadda takwarorinsa na ilimin tattalin arziki da noma da koyarwa suke yi a sauran manyan makarantun Kano. A cikin kundin nan akwai babin da ya fi hana ɗalibi barci, wato babi na huɗu, inda ake baje alƙaluman da aka tattaro a ce ga abin da suka nuna. Maganata a yau guda ɗaya ce: ingancin babin nan yana rataye ne a wuyan littafin da ɗalibi ya karanta, littattafan da ake koyar da wannan ilimi da su sun canza ƙwarai cikin 'yan shekarun nan, mu kuwa har yanzu da na jiya muke aiki, in ma mun buɗe su.

Ku zo mu leƙa shagon kwamfuta, irin waɗanda suke jere kusa da kowace babbar makaranta. Janareta na ruri a waje, injin fotokwafi na fitar da zafi, ga ɗaliba ta shigo da leda cike da takardun tambayoyi da ta raba wa jama'a. Ta ajiye a gaban wani matashi, ta faɗa masa taken furojet ɗinta, suka yi ciniki. Bayan kwana uku ta dawo ta karɓi tebura goma sha biyu da zane mai launi, da wata 'yar lamba a ƙasan kowane tebur. Ba ta san abin da lambar take nufi ba, shi ma wanda ya fitar da ita bai san marasa lafiyan da aka tambaya ba, bai san yadda aka zaɓo su ba, bai kuma tambaya ba. Ba laifin matashin nake gani ba, sana'a ya samu yake yi da guminsa. Ita ma ɗalibar ba malalaciya ba ce, ta sha rana wajen raba takardun. Abin da ya ɓace a tsakaninsu shi ne fahimta, kuma wannan hali bai keɓanta da makaranta ɗaya ko gari ɗaya ba, ya zama ruwan dare a ƙasar nan. Damuwata ita ce, a unguwar da asibiti yake, irin wannan tebur yana iya zama hujjar da wani zai dogara da ita gobe wajen ba mara lafiya shawara.

Bari in ba ku misalin da duk wanda ya taɓa rubuta kundi zai gane. Idan aka tambayi ɗalibi mutum nawa zai yi wa tambayoyi, amsar da ta fi yawa ita ce ya yi amfani da ƙa'idar Taro Yamane, wani masani ɗan asalin Japan da ya kawo ta a littafinsa na 1967. Mu gwada ta a nan gida. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Tarauni mutum dubu 221 da 'yan kai. In ka zuba wannan adadi a cikin ƙa'idar, kana yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, za ta ce ka tambayi mutum 399. In ka zuba jama'ar Jihar Kano baki ɗaya, mutum miliyan 9 da dubu 400 a waccan ƙidaya, za ta ce 400. Lissafin daidai ne, kuma darasi ne mai kyau, domin yana nuna cewa girman gari ba shi ne yake yanke yawan waɗanda za a tambaya ba. Amma ƙa'idar tana da sharaɗi, kuma sharaɗin nan ne ake tsallakewa: dole a ce ƙuri'a ce ta zaɓo mutanen, ta yadda mai shago a Kasuwar Tarauni da matar aure a Darmanawa da tsoho a Unguwa Uku duk damarsu ta faɗowa a ciki ɗaya ce. Idan ɗalibi ya tsaya a ƙofar asibiti ya raba takarda 400, waɗanda suka iya zuwa asibiti kaɗai ya tambaya, wato masu kuɗin mota, masu kuɗin kati, waɗanda mazajensu suka ba su izini. Wadda ta haihu a gida ba ta cikin lissafinsa, alhali in a kan haihuwa ake binciken, ita ce ya fi shafa. Mai sayen hatsi a Dawanau ya daɗe da sanin wannan: ba ya duba saman buhu ya biya kuɗi, sai ya cusa hannu can ciki, ya kuma taɓa buhu na tsakiya da na ƙarshe. Ɗalibinmu ya haddace ƙa'idar daga handawut mai shafi ashirin, shafin da ya yi bayanin sharaɗin kuwa yana cikin littafin da ba a saya ba.

Haka zancen yake game da 'yar lambar nan ta ƙasan tebur, wadda ake kira da harafin p. An koya wa ɗalibai cewa in ta gaza 0.05 an dace, in ta haura an faɗi. Wannan iyaka ta samu karɓuwa ne daga littafin Ronald Fisher na 1925, kimanin shekara ɗari ke nan. Ma'anarta ɗaya cikin ashirin. Ke nan in mai bincike ya gwada abubuwa ashirin waɗanda a gaskiya ba su da wata alaƙa da cutar da yake nazari, ana sa ran ɗaya daga cikinsu zai tsallake iyakar ta hanyar katari kawai. In ya ɗauki wannan ɗaya ya rubuta, ya yi shiru a kan sha taran, ya fitar da sakamakon da ba shi da tushe ba tare da ya ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba. Kada mu ɗauka mu kaɗai muka faɗa wannan rami. A 2005 wani likita masanin ƙididdiga, John Ioannidis, ya wallafa maƙalar da ta girgiza masana, inda ya kafa hujja cewa mafi yawan sakamakon binciken da ake bugawa zai iya kasancewa ba daidai ba. A 2015 wata babbar tawaga ta sake maimaita bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam da aka riga aka buga a manyan mujallu, sai kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ya sake ba da irin sakamakon farko. A 2016 Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa ta musamman tana jan kunne a kan yadda ake fassara lambar, a 2019 kuma masana sama da 800 suka sa hannu a kira, a mujallar Nature, cewa a daina raba bincike gida biyu da wannan iyaka. Wato masu ilimin da kansu sun zauna sun yi wa kansu hisabi. Littattafan da aka rubuta bayan wannan hisabi sun ɗauki darasin, waɗanda aka rubuta kafinsa kuwa ba yadda za a yi su ɗauka, komai kyansu.

To me ya bambanta sababbin? Tsohon salo yana farawa da ƙa'ida, ya ba ka lambobi goma tsaf-tsaf, ya ce ka zuba ka fitar da amsa. Sabon salo yana farawa da tambaya, sannan ya ajiye maka bayanai na gaske, masu giɓi da kurakurai, kamar yadda rajistar asibiti take da shafin da ruwa ya jiƙa da shekarun da aka rubuta da ka. Littafin David Spiegelhalter na 2019, The Art of Statistics, a kan haka aka gina shi: matsala tukuna, sai shiri, sai tattara bayanai, sai nazari, sai yanke hukunci, kuma lissafi mai nauyi kaɗan ne a ciki, har mai karatun jinya zai iya binsa. R for Data Science, wanda ya fara fitowa a 2017 aka sabunta shi a 2023, yana ba da lokaci mai tsawo ga aikin da tsofaffin littattafai suke wucewa, wato tsabtace bayanai da zana su a gani da ido kafin a gwada komai. Ga wanda ya yi nisa kuma akwai An Introduction to Statistical Learning, na malamai huɗu daga jami'o'in Amurka, wanda ya fito a 2013, aka yi bugu na biyu a 2021. Babbar koyarwarsa ita ce kada ka yaba wa hasashenka da bayanan da ka gina shi a kansu, ka ware wasu a gefe ka jarraba shi da su, kamar yadda malamin kirki ba ya jarraba ɗalibi da tambayar da ya ba shi amsarta jiya. Abin da ya haɗa su duka shi ne sun mayar da tunani gaba, sun bar wa na'ura wahalar ninkawa da rabawa, kuma sun nace cewa tun kafin a raba takarda ta farko ake tsara yadda za a yi nazari, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san wani dattijo a cikin malamanmu zai ce, da tsohuwar zuma ake magani, lissafi ba ya tsufa, biyu da biyu huɗu ne jiya da yau. Gaskiyarsa, kuma ban zo in raina tsofaffin littattafai ba. Hujjojin da Iƙlidis ya rubuta fiye da shekara dubu biyu da suka wuce har gobe suna nan daram. New General Mathematics ya reni ɗaliban sakandare masu yawan gaske a ƙasar nan, littafin Stroud na lissafin injiniya, wanda ya fara fitowa a 1970, har yanzu yana koyar da mutum mataki-mataki da haƙurin da ba kowane malami yake da shi ba. Wanda yake da su ya riƙe su da kyau. Sai dai abin da yake tsufa shi ne zaɓin abin da za a ba muhimmanci. Iyayenmu sun shafe makonni suna koyon duba teburin logaridim mai lamba huɗu, domin a lokacin shi ne hanyar ninka manyan lambobi, yau kuwa wayar da ke aljihun mai shayi tana yin wannan kafin ƙiftawar ido. A ɗaya ɓangaren, lissafin jerin lambobi da ake tsarawa layi-layi, wanda ake kira aljabara ta layi, da ilimin yiwuwar aukuwar abu, waɗanda a da ake ɗauka na 'yan sashen lissafi ne kawai, su ne yanzu ginshiƙin hoton ƙwaƙwalwa da ake ɗauka a asibiti, da hasashen damina, da manhajojin da suke fassara magana. Shi ya sa littafi kamar Mathematics for Machine Learning, da Jami'ar Kambirij ta buga a 2020, ya tattaro daidai waɗannan rassa wuri guda. Zumar tana nan da zaƙinta, cutar da ake nema wa magani ce ta sauya.

Tunda na ambaci ilimin yiwuwa, bari in tsaya a kansa, domin nan ne lissafi yake shiga ɗakin aure. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin jinin da ke nuna haɗarin sikila. Ana gaya wa masu niyyar aure cewa in dukansu biyu AS ne, damar haihuwar mai sikila ɗaya ce cikin huɗu. Mutane da yawa suna jin wannan kamar an ce in an haifi huɗu ɗaya ne zai kamu, har wasu su ce tunda na fari ya zo da ita, ukun da ke tafe sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki ƙuri'arsa daban, ba ya tuna abin da ya faru da yayansa. In ka lissafa, a cikin irin waɗannan gidaje masu 'ya'ya huɗu, kusan 32 cikin 100 ba za su sami mai sikila ko ɗaya ba, kusan 42 cikin 100 za su sami ɗaya, sauran kusan 26 kuwa za su sami biyu ko fiye. Ma'aikacin lafiyar da bai fahimci wannan ba, yaya zai yi wa saurayi da budurwa bayanin da za su yanke shawarar rayuwarsu a kai? Ga wani misalin, na ƙaddarawa ne don a gane. A ce cuta tana kama mutum 10 cikin 1,000, gwajinta yana gano 9 daga cikin goman, yana kuma yin kuskure a kan 5 cikin kowane 100 na masu lafiya. In aka gwada mutum dubun nan, masu lafiya kusan 50 za a ce suna da ita, ga kuma 9 na gaskiya. Ke nan cikin mutum 59 da aka tayar wa hankali, 9 ne kawai marasa lafiya. Wannan ne dalilin da ya sa ake maimaita gwaji kafin a yanke hukunci, kuma irin wannan ƙirga kai da kai, maimakon alamomin da suke tsorata ɗalibi, shi ne yadda sababbin littattafai suka koma koyar da shi.

Sai ƙorafi na biyu, wanda ya fi na dattijon nan nauyi: kuɗi. Kafin watan Yuni na 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Littafin da kuɗinsa dala 80 ya tashi daga kusan naira dubu 37 zuwa dubu 120, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne. Ba uban da za a ce ya zaɓi littafi a kan buhun shinkafa. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ba zan shafa mata zuma ba. Amma ga abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba: daga cikin littattafan da na ambata, uku marubutansu da kansu sun ajiye su kyauta a intanet, da yardar masu bugawa, ba sata ba, ba ta bayan gida ba. Haka nan OpenIntro Statistics, wanda bugunsa na huɗu ya fito a 2019, kyauta ne ga mai farawa. Manhajar R, wadda malamai biyu suka ƙirƙira a Jami'ar Okland ta ƙasar Niyu Zilan, ita ma kyauta ce, saɓanin manhajar SPSS da ake biyan lasisinta. Datar da za a sauke littafi guda da ita ba ta kai ta kallon fim ɗaya ba. Na yarda cewa karatun lissafi a fuskar waya azaba ne, ga rashin wuta, ga ɗalibai da yawa ba su da kwamfuta. Amma wannan matsala ce da ake iya rabawa: ɗalibai biyar su haɗa kuɗi su buga babi uku da suke bukata, sashe ya ajiye kwafi goma a ɗakin karatunsa, shagon da yake yi wa mutane babi na huɗu ya koma wurin da ake zama ana koyon yadda ake yi, mai shagon ya karɓi ladan koyarwa. Shingen da a da ya kai tsayin katanga yanzu ya dawo daidai gwiwa.

Wani matashi kuma zai ce, to in na'ura za ta yi aikin, har ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za ka tambaya su rubuto maka babin gaba ɗaya, me ya kai ni wahalar littafi mai shafi ɗari huɗu? Amsata ita ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na'ura tana amsa tambayar da aka yi mata ne, ba ta sanin ko tambayar ce ta karkace. Ɗauki wannan: in ka kwatanta yawan masu rasuwa a babban asibitin koyarwa da na ƙaramin asibitin unguwa, ba mamaki ka ga na babban ya fi. Ka zuba lambobin a kwamfuta, za ta tabbatar maka da bambancin, har ta ba ka p ƙarama mai faranta rai. Wanda bai yi karatu ba zai rubuta cewa ƙaramin asibiti ya fi iya aiki. Wanda ya yi karatu zai tuna cewa duk wanda ciwonsa ya gagari ƙananan asibitoci, daga Kano har jihohin maƙwabta, babban ake turo shi, sau da yawa bayan an makara. Tsananin ciwon ne yake kai mutum can, shi ne kuma yake ƙara haɗarin rasuwa. Babu maɓallin da za a danna ya faɗa maka haka, sai ka san yadda ake tura marasa lafiya a garin nan, ka kuma san cewa tafiyar abu biyu tare ba ta nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Rarrabe sababi da abin da ya yi rakiya kawai shi ne fannin da ya fi bunƙasa a ƙididdiga cikin shekarun baya-bayan nan, kuma shi ne wanda handawut ɗinmu ya fi yin shiru a kansa.

Kada mai sauraro da ba ɗalibi ba ya ce wannan ba ruwansa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi a Nijeriya ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 hukumar ta fitar da kashi 4.1. Jama'a suka yi ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa ƙarya ce, wasu na murna. Abin da ya faru shi ne ma'auni aka canza: a da wanda bai yi aikin awa ashirin a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki, sabon tsarin kuwa, wanda ya bi na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, yana ɗaukar wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Lambobin biyu ba su auna abu ɗaya ba, kamar a ce wani ya auna da tiya wani da mudu. Ɗan jarida da ɗan majalisa da limamin da zai yi huɗuba a kan talauci duk suna bukatar wanda zai fayyace musu wannan, kuma daga cikin ɗaliban nan za a same shi ko a rasa.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne wanda na fi girmamawa, domin rabinsa nawa ne. Littattafan nan da Turanci suke, misalansu kuma na wata duniya ne: farashin gidaje a Amurka, jiragen da suke tashi daga Niyu Yok. Yaron da ya tashi a Daurawa yana fama da abu biyu a lokaci guda, baƙon harshe da baƙon misali, sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja, ko kuwa lissafi kayan Bature ne. Tarihi bai yarda da haka ba. Kalmar aljabara daga sunan littafin al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma kaso mai yawa na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Wannan ilimi yana nan da rai a zaurukan Kano. Malamin da yake raba gado yana aiki da sumuni da sudusi da sulusi, yana neman asalin da duk za su fita a cikinsa. Ga mas'alar da ake kira Mimbariyya, wadda ake danganta warwarenta ga Sayyidina Ali: mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. A kan asalin 24, matar tana da 3, 'ya'yan suna da 16, uwa 4, uba 4. In ka tara sai ka ga 27, rabon ya fi dukiyar. Sai a yi auli, a ɗaga asalin ya koma 27, kowa ya ragu daidai gwargwadonsa, sumunin matar ya zama ɗaya bisa tara. Wanda ya iya wannan ya iya lissafin ɓangare da na daidaito, ko bai taɓa zama a benci ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta a 1732 yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato a jera lambobi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Manufarsa ta haɗa da ilimin asirai na zamaninsa, amma hanyar ginin lissafi ce tsantsa, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. A zamaninmu kuma ga Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

Saboda haka inda ƙorafin ya kai ni shi ne mu karanta nasu domin mu rubuta namu, kuma ƙofar a buɗe take fiye da yadda aka zata. Lasisin OpenIntro ya halatta a fassara shi, a canza misalansa, matuƙar an ambaci masu shi an kuma bar sabon a buɗe ga kowa. Asusun TETFund yana da tsarin tallafa wa malaman manyan makarantu su buga littattafai, Jami'ar Bayero kuma ta daɗe da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya, inda za a iya zama da malaman lissafi a daidaita kalmomi. Kayan misali kuwa ga su nan birjik: farashin gero da masara a Dawanau daga kaka zuwa bazara, ruwan saman da ake aunawa a Kano shekara da shekaru, rahoton binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018, zubin adashi, yawan ababen hawan da suke ratsa gadar Dangi tsakanin Azahar da Magariba. Ba sai an jira littafi mai shafi ɗari biyar ba. Ɗan littafi mai shafi sittin, Turanci a hagu Hausa a dama, a kan yadda ake zaɓo waɗanda za a tambaya da yadda ake karanta tebur, zai gyara kundi da yawa. Ga malamai masu duba kundi kuma, akwai abin da ba ya cin ko sisi: ranar kare kundi, a nuna wa ɗalibi tebur guda daga babinsa na huɗu, a ce ya rufe takarda ya faɗa da Hausa su wa aka tambaya, yaya aka zaɓo su, su wa aka bari a baya, kuma me lambar ƙasan teburin take nufi. In aka sanar tun farkon zango cewa za a yi wannan tambaya, ɗaliban za su nemi littafin da kansu tun kafin su raba takarda ta farko.